Digirin Faransanci a Jami'o'in Najeriya: An Sabunta Manhaja, Wa Ya Auna Bakin Ɗalibi?

A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhajar da ake kira CCMAS, ta kuma ce jami'o'i su fara aiki da ita daga shekarar karatu ta 2023/2024. Manhajar ta ratsa manyan fannoni 17, har da likitanci da shari'a da aikin gona. A nan kwas guda kawai za mu bi diddiginsa: digirin Faransanci, musamman yadda yake a jami'o'in Arewa. Dalilin zaɓensa shi ne kwas ɗin harshe ba shi da maɓoya. Wanda ya karanta tarihi yana iya shafe shekaru a ofis ba a gane zurfin karatunsa ba. Amma wanda ya ce ya yi digiri a Faransanci, hirar minti biyar da direban tirelar da ya taso daga Kwatano ta isa a san ko ya iya ko bai iya ba.

Takarda uku cikin shekara talatin da 'yan kai

An kafa NUC a 1962 a matsayin ofishin ba da shawara, doka ta tsayar da ita da ƙafarta a 1974, sannan dokar soja mai lamba 16 ta 1985 ta ba ta ikon gindaya mafi ƙarancin abin da kowane digiri zai ƙunsa. Da wannan iko ta fitar da kundin farko a 1989. A 2007 aka maye gurbinsa da BMAS, wanda malaman da ke koyarwa yau suka fi sani, domin da shi aka yi aiki shekara goma sha biyar. Na uku shi ne CCMAS, wanda aka kammala a zamanin da Farfesa Abubakar Adamu Rasheed, tsohon shugaban Jami'ar Bayero, yake jagorantar hukumar.

Bambancin da aka fi tallatawa shi ne rabon gado: kashi 70 cikin 100 na kwasa-kwasan hukuma ce ta rubuta su, saura kashi 30 kowace jami'a ta cike da abin da ya dace da muhallinta. A digirin shekara huɗu mai mafi ƙarancin yunit 120 (yunit shi ne ma'aunin nauyin kwas), wannan na nufin yunit 84 daga Abuja, yunit 36 daga gida. Wani abin da sabon kundin ya zo da shi kuma, wanda ya cancanci yabo, shi ne kowane kwas an jera abin da ake son ɗalibi ya iya yi idan ya kammala shi, ba jerin batutuwan da malami zai taɓo kaɗai ba.

Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ba ta karɓi abin da hannu biyu ba. A tsakiyar 2023 ta fito ta ce hukumar ta shiga hurumin majalisar dattawan jami'a, wadda doka ta ɗora wa alhakin tsara karatu, kuma kashi 70 ya wuce a kira shi mafi ƙaranci. Hujja ce mai nauyi. Sai dai muhawarar ta tsaya a kan wa ke da ikon riƙe alƙalami. Tambayar da ta fi damun sashen harshe, wato me tsohuwar manhajar ta haifar a bakin ɗalibai kafin a sauya ta, ba ta samu kujera a zauren ba.

Shekara ta uku

Duk wanda ya karanta Faransanci a Najeriya zai gaya maka cewa digirin rabi biyu ne: kafin aji uku da bayan aji uku. A tsarin asali, ɗalibi yana yin shekararsa ta uku ne a ƙasar da ake magana da harshen, Faransa ko Togo ko wata makwabciya, ya zauna cikin mutane har kunnensa ya buɗe, harshensa ya saki. Sauran shekarun uku shiri ne da gyara. Wannan shekarar ita ce tukunyar da ake dafa ɗalibin.

Abin da ya kashe wannan tsari ba binciken masana ba ne, canjin kuɗi ne. A 1985 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba. Da gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, naira ta fara gangarowa, zuwa 1991 dala ta kusa naira 10. Gwamnati da iyaye suka kasa ɗaukar nauyin tura ɗalibai waje. Mafitar da aka samo ita ce a gina “waje” a cikin gida. A 1991 aka kafa Ƙauyen Koyon Faransanci na Najeriya a Ajara, Badagry, kusa da iyakar Seme da Jamhuriyar Benin, a matsayin cibiyar da dukkan jami'o'i suka yi tarayya a kanta. A 1992 aka kafa takwararta ta Larabci a Ngala, jihar Borno, inda Larabawan Shuwa suke, dab da iyakar Kamaru.

Dabarar ba ta da laifi, kuma ba don ita ba da sassan Faransanci da dama sun rufe. Amma a faɗi gaskiya: abin da aka canza ba ƙarami ba ne. Ɗalibin da ke Lome dole ne ya yi Faransanci idan zai yi rajista, ko ya je asibiti, ko ya yi rigima da mai gidan haya. Ɗalibin da ke Badagry yana yin Faransanci a aji da wurin taro, da ƙoƙarin malamai da dokar cibiya. Da ya fita ƙofa, Yarbanci ne da Egun da Turancin buroka. A ɗakin kwana kuma, 'yan Kano da 'yan Sakkwato da aka haɗa wuri ɗaya bayan tafiyar fiye da kilomita 1,000 daga gida, ba sai an gaya maka da harshen da za su yi hirar dare ba. Nutso ne, amma a ruwan da bai wuce gwiwa ba, sai ga ɗalibin da ya ƙudura a ransa zai tsunduma. Shi ya sa har yau wasu sassan, idan hali ya yi, suke fifita kai ɗalibansu Benin ko Togo, inda cibiyar Village du Bénin ta Jami'ar Lome ta daɗe tana karɓar 'yan Najeriya da 'yan Ghana.

Ƙauyen Larabci ya ga abin da ya fi haka. Rikicin Boko Haram, wanda ya kai ga mummunan harin Gamboru Ngala na watan Mayun 2014, ya tilasta mayar da ayyukan cibiyar Maiduguri. Hikimar sanya ta a Ngala ita ce jama'ar da ke kewaye da ita. Da aka ɗauke ta, sunan kwas bai canza a takardar sakamako ba, yunit ɗinsa bai ragu ba, amma abin da ɗalibi ke samu ya canza. Takardar manhaja ba ta iya ganin irin wannan. Sai an auna ɗalibin kafin ya tafi da bayan ya dawo.

Abin da masu tantancewa suke dubawa

Tun farkon shekarun 1990 NUC take aika tawagar farfesoshi su tantance kwasa-kwasai. Wanda ya taɓa zama a sashe lokacin da ake jiran “baƙin Abuja” ya san yanayin: ana fenti, ana jera fayil, ana kakkaɓe na'urorin ɗakin koyon harshe, ana neman malaman da za su cike gibin manyan muƙamai. Tawagar tana ba da maki a kan abin da manhaja ta ƙunsa, yawan malamai da darajarsu, azuzuwa da ofisoshi, laburare, da kuɗin gudanarwa. Kwas ɗin da ya samu kashi 70 zuwa sama, har a manyan ɓangarorin, ya samu cikakkiyar amincewa. Tsakanin 60 da 69 ta wucin gadi. Ƙasa da haka a hana shi ɗaukar sababbin ɗalibai. Akwai gurbin ra'ayin masu ɗaukar ma'aikata game da waɗanda suka kammala, amma makinsa kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da na gine-gine da na ma'aikata.

Wannan awo yana da amfaninsa. Ya tilasta wa shugabannin jami'o'i da yawa sakin kuɗin da ba don tsoron tawagar ba ba za su saki ba. Amma awon kayan shiga ne, ba na abin da ya fito ba. Sashe zai iya mallakar farfesa uku, da ɗakin na'urori mai kujera arba'in, da litattafai cike da kanta, ya ci kashi 85, alhali ɗalibin aji huɗu ba zai iya kiran waya ya yi cinikin kaya da Faransanci ba. Mai jarrabawa na waje da ake gayyatowa duk shekara yakan duba takardun amsa da kundin bincike, wato rubutu. Jarrabawar baka kuwa, inda ake yin ta, malamin da ya koyar shi ke yin tambaya, shi ke ba da maki, kuma A ɗin wannan jami'a ba lallai ta yi daidai da C ɗin waccan ba.

Abin mamakin shi ne, a duk fannonin da ke tsangayar fasaha, harsunan Turai ne suka fi kowa samun ma'aunin da aka riga aka ƙera. Tun 2001 Majalisar Turai ta fitar da tsani mai hawa shida, daga A1 zuwa C2, wanda yake bayyana abin da mai koyo zai iya yi a kowane hawa a ji, da magana, da karatu, da rubutu. Jarrabawar DELF da DALF ta ma'aikatar ilimin Faransa a kan wannan tsani take, kuma ana zana ta a cibiyoyin Alliance Française, har da ta Kano. Jami'o'in Faransa galibi B2, wato hawa na huɗu, suke nema ga baƙon ɗalibi. Ke nan akwai tambaya mai sauƙi da kowane sashe zai iya yi wa kansa: cikin waɗanda muka yaye bara, nawa ne suka kai B2?

Ɗalibin da yake shigowa

Manhajar digiri an gina ta ne a kan zaton cewa ɗalibi ya zo da wani abu daga sakandare. A takarda, zaton yana da tushe. A 1996 Janar Sani Abacha ya ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu, kuma Manufar Ilimi ta Ƙasa ta shigar da hakan, bugun 2004 ma ya ce dole ne a koyar da shi a firamare da ƙaramar sakandare. A aikace, makarantun gwamnati da yawa a Arewa ba su taɓa ganin malamin Faransanci ba. Wanda ya yi shi, galibi ɗan makarantar kuɗi ne ko ta tarayya.

Saboda haka ajin farko yakan haɗa mutum iri uku. Akwai wanda ya nemi shari'a ko aikin jarida bai samu gurbi ba, aka ce ga Faransanci, ya karɓa don kada ya sake zaman shekara a gida. Wannan daga baƙaƙe zai fara. Akwai wanda ya zo da takardar NCE, ya yi shekara uku a kwalejin ilimi yana nahawu. Akwai kuma ɗan kan iyaka, ko wanda ya yi firamare a Maraɗi ko Garwa, wanda bakinsa ya fi na wasu malamai sauri amma rubutunsa yana da sauran aiki. Idan aka zuba su aji ɗaya da littafi ɗaya, na farko ya nutse, na uku ya yi barci.

A yi lissafi kaɗan. Yunit ɗaya awa ɗaya ce a mako tsawon mako 15, don haka kwas mai yunit biyu awa 30 ne, idan babu yajin aiki (na 2022 wata takwas ya ci, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma harshe ba ya jiran mai shi). Ƙiyasin da cibiyoyin koyar da Faransanci suka saba bayarwa shi ne sabon shiga yana buƙatar kimanin awa 600 tare da malami kafin ya kai B2. Wato kwas 20 masu yunit biyu na zallar koyon harshen. Cire kwasa-kwasan gama-gari da kowane ɗalibi ke yi, da na koyon sana'a, da waɗanda ake ɗauka a wasu sassan, da na tarihin adabi da nazarin harshe waɗanda ake yi game da Faransanci ba da shi ba. Abin da ya rage kafin aji uku ba ya kai sabon shiga inda ake zato. Sai ya isa Badagry yana A2, a fara yi masa laccar adabi, ya koma haddar bayanin malami. Ya ci jarrabawa kuwa, domin hadda ba baƙuwarmu ba ce.

Ba ina cewa a kori adabi ba. Masu wannan kira sukan manta cewa a cikin labari da wasan kwaikwayo ne ɗalibi ke haɗuwa da harshe mai rai. Matsalar jeri ce: me ya kamata ya zo kafin me, kuma da wane harshe ake tattauna littafin a aji.

Faransancin wa?

Yayin da ake buga CCMAS, ƙasar da ke ƙarƙashin kwas ɗin tana motsi. Tsarin mulkin Mali na 2023 ya sauke Faransanci daga harshen hukuma zuwa harshen aiki, Burkina Faso ta bi sahu. A Nijar sojoji suka karɓi mulki ranar 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyakarta da Najeriya har zuwa 2024. A Janairun 2025 ƙasashen uku suka kammala ficewa daga ECOWAS, a watan Maris suka bar ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, kuma sabon kundin da Nijar ta ƙaddamar a wannan watan ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki.

Wani zai ce to kasuwar kwas ɗin ta mutu. Ban yarda ba. Takardar kwastan a Birnin Ƙonni da Faransanci ake rubuta ta, haka hukuncin kotu a Damagaram, haka takardar likita a Yamai. Hukumar Tafkin Chadi da rundunar haɗin gwiwa ta yankin duk a Njamena suke da hedikwata. Ma'aikatan agaji da ke kai-komo tsakanin Borno da Diffa da sansanin Minawao na Kamaru kullum cikin neman mai fassara suke. Sashen Hausa na RFI, da aka buɗe a 2007, aikinsa na yau da kullum juya labari ne daga Faransanci zuwa Hausa. Abin da ya canza shi ne alƙibla. Ɗalibin Arewa ba Paris zai yi aiki ba. Zai yi aiki ne a tsakanin harsuna uku, kuma wanda ya iya ɗaukar yarjejeniyar ciniki daga Faransanci ya mayar da ita Hausar da Alhaji a Dawanau zai sa hannu a kai da natsuwa, ya riƙe abin da ɗan Legas ko ɗan Paris ba shi da shi. Amma kwasa-kwasan fassara a sassanmu, bisa al'ada, tsakanin Faransanci da Ingilishi suke, kamar ɗalibin ba shi da harshen uwa.

Nan ne yunit 36 ɗin suke da daraja. Fassara da tafinta tsakanin Hausa da Faransanci. Faransancin kan iyaka, na takardun fito da sufuri. Faransancin asibiti da na aikin agaji. Tarihi da hukumomin Nijar da Chadi da arewacin Kamaru. Babu ɗaya daga ciki da ya kamata a jira Abuja ta rubuta. Haɗarin shi ne a cike gurbin da tsofaffin kwasa-kwasan da sabon kundi ya zubar, domin kowane malami ya tsira da abin da ya saba koyarwa. Duk wanda ya zauna a kwamitin manhaja ya san ta nan ake fi zamewa, kuma ba mugunta ba ce: mutum ya yi shekara ashirin yana gina fanninsa, ba ya son a ce masa ba a buƙata.

Akwai shawarar da ake yawan kawowa, cewa maimakon Badagry a riƙa kai ɗaliban Arewa Maraɗi, wadda ba ta kai kilomita 100 daga Katsina ba, ga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a can, ga ta André Salifou a Damagaram. Ta fuskar kuɗi da kusanci da al'ada, musamman ga ɗalibai mata da iyayensu ke ɗari-ɗari da Legas, shawarar tana da kyau. Ta fuskar nutso kuwa, a yi hattara: Bahaushen da aka sauke a Maraɗi ya isa gida ne, zai yi wata tara bai buƙaci kalmar Faransanci ɗaya a kasuwa ba. Idan za a yi, sai dai a sa shi cikin aji ɗaya da ɗaliban can, yana ɗaukar lacca da rubuta jarrabawa da Faransanci, ko a tura shi aikin koyon sana'a a ofis ko gidan rediyo. Wuri kaɗai ba ya koyar da harshe, tilas ce take koyarwa.

Abin da sashe zai iya yi ba tare da jiran kowa ba

Awon da ake buƙata bai fi ƙarfin sashe mai malamai goma ba. A gwada ɗalibi sau huɗu: makon da ya shigo, kafin ya tafi aji uku, da ya dawo, da kuma kafin ya fita bautar ƙasa. Gwajin ya haɗa da hirar baka ta minti goma da za a naɗa a waya, malamai biyu su saurara kowa ya ba da hawansa a kan tsanin A1 zuwa C2, ɗayansu ya kasance ba shi ya koyar da ajin ba. Gwajin farko shi zai raba sabon shiga da ɗan kan iyaka, kowa a ba shi abin da ya dace da shi. Na biyu da na uku su ne za su faɗi, da lamba, abin da shekarar nutso take ƙarawa, a daina dogaro da “ai sun dawo suna ji sosai”. Idan sashe yana kai wasu Badagry wasu Lome, a nan ne zai san wanne ya fi biyan kuɗin da iyaye suka kashe.

Sai bin sawun waɗanda suka gama. Kusan kowane aji yana da zaurensa na WhatsApp da ba ya mutuwa. Tambaya uku ta wadatar: ina kake aiki, kana amfani da Faransanci, me ka tarar ana nema wanda ba mu koya maka ba? Idan amsa ta nuna mafi yawansu koyarwa suke yi a sakandare, to kwas ɗin dabarun koyar da harshe ya fi wani kwas na adabin ƙarni na 17 gaggawa, ko da ran wani zai ɓaci.

Wurin da abin yake cijewa shi ne wa zai ga sakamakon. Shugaban sashen da ya gano cewa kashi kaɗan na ɗalibansa ne suka kai B2 ba zai so takardar ta faɗa hannun tawagar tantancewa ba, kuma yana da gaskiya muddin hukunci ne zai biyo baya. Don haka a shekarun farko sakamakon ya zauna a sashe, ba sunan malami a jiki, a yi amfani da shi wajen sake jera kwasa-kwasai kawai. Tura kowane ɗalibi ya zana DELF zai fi tabbatar da gaskiyar awon, amma kuɗin rajistarta ya fi ƙarfin mafi yawan iyaye, waɗanda kuɗin Badagry ma da kyar suke haɗawa. Abin da zai yiwu shi ne jami'a ta biya wa mutum goma da aka zaɓa ta hanyar ƙuri'a a kowace shekara, a kwatanta abin da suka samu da hawan da malaman sashe suka ba su. Rukunin farko da suka fara da CCMAS a 2023/2024 za su kammala ne a 2026/2027 idan kalanda ba ta goce ba, kuma jami'o'in da suka makara wajen farawa suna da sauran damar gwada nasu tun kafin su hau motar Legas.